Babi na Bakwai: Daga "Nawa Ne?" Zuwa "Me Ya Sa?"

Yaron da ya ci bak ɗin C ko D da maki mai kyau a wani lise na Maraɗi, ko Tibiri, ko Tasawa, ya saba da wani irin lissafi, kuma ya iya shi. A ba shi fonksiyon, nan take zai fitar da deribe, ya tsara teburin hawa da saukarta, ya zana ta a takarda. A ba shi limit, zai yi ƴan dabarunsa ya ce amsa 3 ce. Shekara bakwai ya yi yana wannan aiki, huɗu a kwaleji, uku a lise, har ƴan unguwa suna kawo masa ƙannensu ya koya musu.

Sai ya shiga jami'a. A makon farko malami ya juya ya rubuta a allo: "A nuna cewa..." Babu lambar da za a nemo. Amsar ma an riga an faɗa masa ita, abin da ake so kawai ya kawo hujjar da za ta sa mai gardama ya sallama. Yaro ya kwafe komai cikin kaye da rubutu mai kyau, ya koma gida ya haddace, ranar jarrabawa aka sauya tambayar kaɗan, sai ya zauna yana juya biro. Da sakamako ya fito ya ga 5 bisa 20, hukuncin da yake yanke wa kansa ɗaya ne: "Ashe dai ba ni da kan lissafi."

Wannan hukunci zalunci ne, kuma akwai bincike na shekaru masu yawa da ya nuna haka. Kan yaron bai taɓu ba tsakanin watan Yuli da watan Oktoba. Aikin ne aka sauya masa ba tare da an sanar da shi ba. Sabon aikin kuwa, wato kafa hujja da karanta ta da aiki da ta'arifi, abu ne da ake koyarwa kamar yadda ake koyar da raba lamba.

Jami'a a ƙofar gida

Kafin 2010, ɗan Maraɗi da yake son karanta lissafi a jami'ar gwamnati sai ya ɗauki jakarsa ya yi tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yamai. A wannan shekarar aka buɗe jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, bisa harsashin makarantun fasaha na IUT da suka riga su. Ta Maraɗi tana ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, haifaffen garin a 1934, masanin kimiyyar sinadarai da ya riƙe ma'aikatar ilimi, daga baya ya shugabanci hukumar haɗin kan al'adu da fasaha ta ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ta Yamai kuwa sunan Abdu Mumuni take amsawa, masanin fizik da makamashin rana, wanda aka haifa a Tasawa a 1929. Jihar Maraɗi ke nan ta ba jami'o'i biyu suna, kuma duka mutanen biyu sai da suka ratsa ta cikin lissafi mai zurfi kafin su zama abin da suka zama.

Lissafin shekarar farko ba na ƴan sashen lissafi kaɗai ba ne. Mai karatun fizik da sinadarai zai gamu da shi. Mai karatun aikin gona zai gamu da shi ranar da aka tambaye shi ko bambancin amfanin da irin gero biyu suka bayar na gaske ne ko dace ne. A fadamar Jiratawa, inda ake jan ruwan ƙarƙashin ƙasa da famfo ana noman rani tun farkon shekarun 1980, tambayar saurin da ruwa yake sauka a rijiya idan an yawaita ja tambayar deribe ce. Mai koyon aikin gini da lantarki a IUT, da mai karatun likita, kowa da nasa rabon. Don haka idan ƙofar lissafi ta ƙuntata, ƙofofi da yawa ne suka ƙuntata tare da ita. A tsarin LMD kuma, inda lisans take shekara uku, kowane zango da makinsa 30 da sai an tara, faɗuwa a zangon farko bashi ne da yake bin ɗalibi har gaba.

Rami biyu

Matsalar ta girmi jami'o'inmu duka. A 1908 Felix Klein, babban masanin lissafi na jami'ar Gottingen a Jamus, ya bayyana ta da cewa yankewa ce har sau biyu. Ta farko: ɗalibi ya shigo jami'a ya tarar da lissafin da bai yi kama da na makarantarsa ba, sai ya watsar da na da. Ta biyu: ya gama ya koma aji a matsayin malami, ya rasa abin da ya haɗa karatun jami'a da abin da zai koyar, sai ya watsar da na jami'ar, ya ci gaba da koyarwa yadda aka koyar da shi yana yaro. Ramin na biyu shi yake haƙa na farko, domin ɗaliban wannan malami su ne za su shigo jami'a gobe.

Faransa, wadda muka gaji tsarin karatunta, ta kafa cibiyoyin bincike kan koyar da lissafi da ake kira IREM a ƙarshen shekarun 1960, kuma jami'ar Yamai ma tana da irinta. Daga wannan yunƙuri aka samu Guy Brousseau, wanda ya lura cewa a kowane aji akwai wata yarjejeniya da ba a rubuta ba tsakanin malami da ɗalibai. A lise yarjejeniyar tana cewa: duk tambayar da malami ya yi tana da amsa ɗaya, ana samun ta da darasin da aka yi cikin makon nan, kuma ba ta wuce minti goma. Idan ka wuce haka ba ka samu ba, to ba ka yi bita ba ne. A jami'a an soke wannan duka. Tambaya ɗaya tana iya cin kwana biyu, hanyar farko da ka bi tana iya toshewa, kuma toshewar wani ɓangare ne na aikin. Ɗalibin da ba a gaya masa haka ba, da ya yi minti goma bai ga haske ba sai ya rufe kaye, yana ganin ya gaza, alhali yanzu ne ma aka fara.

Hatimin Bakatsine

Don mu ga bambancin iya yi da kafa hujja, ba sai mun je nesa ba. Sarautar Maraɗi sarautar Katsina ce da ta yi ƙaura bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, kuma Katsinar ta fitar da masanin lissafi da sunansa ya shiga littattafan tarihin kimiyya: Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rubuta littafi a farkon shekarun 1730 kan hanyoyin tsara hatimi mai gidaje mara, ya rasu can a 1741. Mafi ƙanƙantar irin wannan hatimi shi ne mai gida tara:

2 7 6
9 5 1
4 3 8

Ko ta ina ka tara, a kwance, a tsaye, ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ka samu. Duba wannan aikin ɗan firamare ne. Tambayar jami'a ita ce: za a iya tsara lambobin 1 zuwa 9 a sami irin wannan hatimi da wata lamba a tsakiya ba 5 ba?

A ba aji wannan tambaya za a ji amsa iri uku. Wani zai ce, "Ba za a iya ba, haka muka gani a littafi." Wani zai ce, "Na gwada da 4, na gwada da 6, bai yi ba." Na uku zai ce a tsaya a duba. Jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45. Layuka uku na kwance sun cinye gidajen duka kuma jimlarsu ɗaya, saboda haka kowane layi dole 15 ne. Layuka huɗu ne suke ratsa tsakiya: na kwance ɗaya, na tsaye ɗaya, na karkace biyu. A tara su, 60 ke nan. Waɗannan layuka huɗu sun taɓa kowane gida na gefe sau ɗaya, gidan tsakiya kuwa sau huɗu. Wato 60 ita ce 45 da ƙarin lambar tsakiya sau uku. Ƙarin 15 ne, a raba uku, 5. Magana ta ƙare, ba a bar wa kowa ƙofar cewa wataƙila akwai wani tsari da ba a gwada ba.

Amsoshin nan uku su ne rukunai ukun da Guershon Harel da Larry Sowder suka fitar a 1998, bayan sun daɗe suna sauraron ɗaliban jami'a a Amurka: masu yarda don wani babba ya faɗa ko don rubutun ya yi kama da hujja, masu yarda don sun gwada ƴan misalai, da masu yarda don dalili ya tilasta. Abin da suka tarar shi ne ɗalibai da yawa, har waɗanda suka yi nisa a sashen lissafi, suna nan a rukunai biyun farko.

Gwajin misalai yana da daɗi, kuma da shi masana suke fara laluben gaskiya, amma yana yaudara. Ɗauki lamba, ka ninka ta da kanta, ka ƙara ta, ka ƙara 41. Da 0 za ka sami 41, da 1 ka sami 43, da 2 ka sami 47, dukansu lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Ci gaba har 39, ba za a samu ko ɗaya da ta saɓa ba. Gwaji arba'in a jere, wa zai yi musu? Amma da ka sa 40 sai 1681 ta fito, wadda ita ce 41 sau 41. Ɗalibin da ya yi wannan da hannunsa ya fahimci dalilin da ya sa malami yake nacewa kan hujja fiye da wanda aka yi wa wa'azi a kai sau goma.

Karanta hujjar wani ma gwaninta ce daban. A 2003 Annie Selden da John Selden suka ba ɗalibai takwas na jami'a rubuce-rubuce huɗu da kowanne yake iƙirarin tabbatar da ƙa'ida ɗaya, wasu daidai wasu gurɓatattu, suka ce su tantance. A karatun farko kusan rabin hukuncinsu ne kawai ya yi daidai, daidai da mai canki-canka. Idonsu yana kan alamomi da tsarin rubutu, ba kan ko wannan layi ya haifi na gaba ba. Da aka sa su suka sake dubawa a tsanake ana yi musu tambayoyi, sai hukuncinsu ya gyaru sosai. Iyawar tana nan, ba a taɓa neman su yi amfani da ita ba ne.

Hoton da yake cikin kai

A 1981 David Tall na jami'ar Warwick a Ingila da Shlomo Vinner suka raba abu biyu da malamai suka daɗe suna haɗawa: ta'arifin abu yadda aka rubuta shi, da hoton abin da ɗalibi yake ɗauke da shi a kai, wanda ya ginu daga misalai da zane-zanen da ya saba gani. Ɗalibi yana iya kawo ta'arifi a haddace ba tuntuɓe, amma da an ba shi aiki sai ya ajiye shi ya ɗauko hoton.

Misalin da ya fi shahara shi ne 0,999... da tara-tara ba iyaka. Daidai take da 1 ko ta gaza? Da aka tambayi sababbin ɗaliban lissafi a Warwick a shekarun 1970, mafi yawansu cewa suka yi ta gaza. Hoton da yake kansu shi ne na mai tafiya yana kusantar gari bai taɓa isa ba. To idan ta gaza, da nawa? Ratar ba ta kai 0,1 ba, ba ta kai 0,01 ba, ba ta kai 0,001 ba, duk ƙanƙantar lambar da ka ambata ratar ba ta kai ta ba. Ratar da ta gaza kowace lamba da ta ɗara sifiri, sifiri ce. Wannan tunani shi ne zuciyar ta'arifin limit mai epsilon da yake firgita ƴan shekarar farko: ka faɗi ƙanƙantar da kake so, ni kuma in nuna maka daga inda ratar ta faɗa ƙasa da ita.

Darasin da yake nan ga malami babba ne. Rubuta ta'arifi a allo ba ya goge tsohon hoto, sai dai su zauna tare a kai ɗaya ba sa ga maciji. Dole a fito da hoton fili, a tambayi aji abin da suke gani, a kawo misalin da hoton zai kasa ɗauka, sannan ta'arifi ya shigo a matsayin mai raba gardama. Irin wannan aka gani a aljabra liniyer, inda Jean-Luc Dorier da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa ɗalibai suna nutsewa cikin sababbin kalmomi da alamomi domin ba a nuna musu matsalar da aka ƙirƙiro kalmomin don warwarewa ba.

Harshe na cikin lissafin

Ɗalibinmu yana da wani kaya da ɗan Faransa ba ya ɗauke da shi. Da Hausa yake tunani, da ita yake ciniki, yana juya dala da jikka zuwa sefa a ka, wani ma ya juya sefa zuwa naira a kan hanyar Ɗan Isa kafin mai kalkuleta ya gama dannawa. Lissafin makaranta kuwa da Faransanci ya same shi. Muddin aikin na fitar da lamba ne, nauyin harshe kaɗan ne. Da aka zo hujja sai komai ya koma kan ƙananan kalmomi: kowane, akwai, idan, sai idan, ba.

Viviane Durand-Guerrier a Faransa, da Imed Ben Kilani a Tunisiya, da Judith Njomgang Ngansop a Kamaru sun bi diddigin wannan a azuzuwan da ake karatu da Faransanci alhali ɗalibai da wani harshe suka tashi. Wurin da suka fi samun tuntuɓe shi ne kore magana mai "duka". Jimla irin "tous les nombres premiers ne sont pas impairs" a ƙa'idar Faransanci tana nufin ba dukansu ne mara ba, amma ɗalibai da yawa suna jin ta da ma'anar babu ko ɗaya da yake mara. A lissafi tsakanin waɗannan biyu akwai nisa: ta farko misali ɗaya ya ishe ta, lamba 2, ta biyu kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Wanda ya rikita su ba zai iya kafa hujja ta hanyar kore kishiya ba, ba kuma zai gane abin da ake nufi da fonksiyon ba ta da limit ba.

A Hausa "ba duka ba" da "babu ko ɗaya" ba sa shiga wa juna, yaron goye ma ya san bambancinsu ranar rabon alewa. Malamin da ya tsaya ya ce, "Ku faɗa mini wannan da Hausa," ya ba ɗalibi madubin da zai ga kuskurensa da kansa, sannan a koma Faransanci a rubuta. Abdu Mumuni ya yi kira ga koyarwa da harsunan gida tun a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka, Nijar ta fara gwada makarantu masu harshe biyu a Damagaram a 1973, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Ba sai an jira an fassara littattafan jami'a ba kafin a bar ɗalibai su yi gardamar hujja da harshen da suka fi iya gardama da shi.

Abin da aka gwada ya yi aiki

A tsakiyar shekarun 1970 Uri Treisman na jami'ar Berkeley a Amurka ya so ya gane dalilin da ya sa ɗalibai baƙar fata suke faɗuwa lissafin shekarar farko, ƴan asalin Sin kuwa suna ci. Malamai sun riga sun yanke nasu dalilai: talauci, raunin makarantun baya, rashin himma. Shi kuwa ya bi ɗalibai ashirin daga kowane ɓangare ya ga yadda suke karatu. Ya tarar baƙaƙen suna da himma ƙwarai, amma kowa shi kaɗai yake fama a ɗakinsa. Ƴan Sin sukan yi nasu su kaɗai, sannan su taru da yamma su ci abinci, su duba aikin juna, su yi musu, wanda ya ɓata a gyara masa nan take. Treisman ya kafa zaman aiki na rukuni, bai kira shi ajin masu rauni ba, tambayoyin da yake bayarwa ma sun fi na aji wuya. Faɗuwar ta ragu ƙwarai, jami'o'i da yawa suka kwaikwaya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Maraɗi. Samarinmu sun riga suna da fada, da shayi, da allon da aka jingina a bango lokacin shirin bak. Abin da ya rage shi ne irin aikin da ake yi a zaman. Idan gwani ɗaya ne yake tsaye yana warwarewa saura suna kwafa, amfi ce, wato zauren laccar jami'a, aka sake ginawa ƙarama. Zaman da yake amfani shi ne wanda kowa ya taɓa tambayar shi kaɗai tukuna, sannan wanda yake ganin ya samu ya yi bayani, saura su ce masa, "Daga ina wannan layin ya fito?" Ƴan mata kuma, da yawansu ba sa samun fita zaman dare, saboda haka idan jami'a ba ta sa irin wannan zama cikin jadawalin rana ba, an bar su a baya. Binciken Sandra Laursen da abokan aikinta a jami'o'i huɗu na Amurka ya nuna cewa a azuzuwan da ɗalibai suke gano hujja da kansu suna gabatarwa, ratar da aka saba gani tsakanin mata da maza wajen amincewa da kai ta rufe.

A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara bincike 225 kan darussan kimiyya da injiniya da lissafi a jami'o'i. Inda malami yake magana daga farko har ƙarshe, kusan kashi 34 cikin 100 na ɗalibai suke faɗuwa. Inda ake tsayawa a sa su aiki a cikin aji, kusan kashi 22. Amfanin ya fi yawa a ƙananan azuzuwa, amma a manya ma an gan shi. Hanyar da Eric Mazur ya yaɗa daga Harvard ba ta buƙatar lantarki: malami ya yi tambaya mai zaɓi huɗu, kowa ya yi tunani minti ɗaya ya ɗaga yatsu, sannan a ce kowa ya shawo kan na kusa da shi, a sake ɗagawa. Cikin minti biyar malami ya san abin da yake kan mutum ɗari uku, abin da da ba zai sani ba sai ranar gyaran jarrabawa.

Mafi araha duka shi ne abin da Mark Hodds da Lara Alcock da Matthew Inglis suka gwada a jami'ar Loughborough ta Ingila, suka wallafa a 2014. Ƴar takarda ce da ba ta kai rabin awa ana karantawa ba, tana koya wa ɗalibi ya tsaya a kowane layi na hujja ya tambayi kansa: na gane abin da layin ya ce? Me ya sa gaskiya ne? Da wane layi na baya ya dogara? Waɗanda suka karanta ta sun fi saura fahimtar hujjoji, kuma bambancin yana nan bayan makonni. Kuɗin wannan bai wuce na fotokwafi ba.

Binciken da sai mu

Kusan duk abin da aka ambata a Turai da Amurka aka yi shi, kan ɗaliban da suke karatu da harshen da suka sha a nono, da littafi a hannun kowa. Namu sun fito daga wani tushe. Gwajin PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar ƙasa da ɗaya cikin goma na ƴan ajin ƙarshe na firamare ne suka kai matakin da ake so a lissafi. A na 2019 an ci gaba, amma ba a kai ɗaya cikin huɗu ba. Wanda ya tsallake wannan duka har ya ci bak ɗin kimiyya ya riga ya nuna ƙwazon da ba a saya a kasuwa, kuma asararsa a zangon farko asarar ƙasa ce.

Masu wannan fanni a Afirka sun fara haɗuwa. Babban taron masu koyar da lissafi da Faransanci ya zauna a Dakar a 2009, ya zauna a Kwatano a 2022, kuma ƙungiyar masana koyar da lissafi ta Afirka ta yi taronta na farko a Yawunde a 2016. Akwai tambayoyin da waɗannan tarurruka ba za su sami amsarsu ba sai daga gare mu. Ɗalibin da ya karanta rabon gado da mantiƙi a zauren malam kafin ya zo jami'a, wanda ya riga ya saba da ta'arifi da sharaɗi da dalili, ya fi saurin kama hujjar lissafi? Rukunin da yake muhawara da Hausa ya rubuta da Faransanci, me yake samu, me yake rasawa? Waɗanne kurakurai ne suke maimaituwa a takardun zangon farko shekara bayan shekara, kuma daga wane aji na lise suka samo asali?

Kayan wannan bincike suna nan a ajiye. Takardun jarrabawar da aka gyara aka ɗaure aka jibge a kabad, kowace ɗaya shaida ce ta yadda wani yaro ya yi tunani. Malamai biyu da ɗalibin masta ɗaya za su iya zama su karanta ɗari biyu, su rarraba kurakuran, su kira ɗalibai goma su ce, "Faɗa mana yadda ka yi ka zo nan," su saurara ba tare da gyara ba. Abin da suka samu su kai wa malaman lise na Maraɗi da Tibiri da Tasawa, a zauna tare a duba, domin da yawa daga cikin waɗanda suke amfi yau su ne za su riƙe alli a waɗannan makarantu nan da shekara huɗu ko biyar. Malamin da aka koya masa tambayar "me ya sa" har ta zama ɗabi'arsa zai yi ta ga ƴan ajinsa tun suna kwaleji. Yadda ake shirya irin wannan malami, da abin da yake tararwa ranar da aka tura shi aji, shi ne zancen babi na gaba.